Hanyar I-10 a jihar Texas: tambayoyin da masu shirin bin ta suka fi yi

Duk wanda ya kwana biyu a Houston ya saba da kiran 'yan'uwa a kan wannan hanya. Yau sabon zuwa ne da bai daɗe da karɓar lasin ba, gobe ɗalibi mai shirin tafiya El Paso, jibi wanda ya fara jan tirela. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da za ka lura da shi tun daga farko shi ne, sunan hanyar ɗaya ne amma halinta biyu: a yamma abin tsoro shi ne daji da nisa, a gabas kuwa ruwa da cunkoso. Shirin da ya dace da wancan ɓangare bai dace da wannan ba.

Mece ce I-10, kuma daga ina ta taso?

Tana cikin manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka, waɗanda aka fara shimfiɗawa gadan-gadan bayan Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokarsu a 1956. Ta taso daga Santa Monica a Kalifoniya, kusa da bakin Tekun Pasifik, ta ƙare a Jacksonville ta jihar Florida, ɓangaren Atlantika. Tsawonta mil 2,460 ne, kimanin kilomita 3,960, kuma ta ratsa jihohi takwas.

Lambar ma ba haka kawai aka ba ta ba. Hanyoyin da suka miƙa gabas da yamma lambarsu cika ce, wato mai rabuwa biyu, kuma ana fara ƙirga daga kudu. Saboda haka I-10 ce ta can ƙasa kusa da iyakar Meksiko da gaɓar teku, I-90 kuma ta can sama kusa da Kanada.

Nawa ne tsawonta a cikin Texas kaɗai?

Kimanin mil 880, wajen kilomita 1,415, daga garin Anthony da ke iyaka da New Mexico zuwa gadar kogin Sabine a Orange, inda Louisiana ta fara. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar gaba ɗaya ke nan a jiha guda. In kana son ma'auni na gida, nisan ya zarce na Legas zuwa Kano, da rara mai yawa.

Wanda ya shigo daga Louisiana, da ya ƙetare gada zai ci karo da wani allo da ya yi suna: Beaumont mil 23, El Paso mil 857. Mutumin El Paso ya fi kusa da Los Angeles a kan Orange da suke jiha ɗaya, shi kuma na Orange ya fi kusa da Jacksonville a kan El Paso. Baƙi kan ɗauka ba'a ce ta mutanen Texas, don an san su da cika baki a kan girman jiharsu, amma wannan karon lissafi na bayansu.

A yini ɗaya za a iya gama ta?

A takarda, eh. Awa 12 zuwa 13 ne na tuƙi zalla, ban da shan mai, cin abinci, salla da gosulon birane. In direbobi biyu ne masu karɓa-karɓa, abu ne mai yiwuwa. Mutum ɗaya kuwa, shawarata ya raba ta biyu. Abin da ke kayar da direba a yammacin Texas barci ne: hanya santal, ba kwana, ba gari, ba abin da zai ɗauke ido, har mutum ya fara gyangyaɗi bai sani ba.

Wuraren kwana masu ma'ana su ne Fort Stockton, Ozona, Sonora da Junction, duk suna da masauki a bakin hanya. San Antonio ba tsakiya ba ce kamar yadda ake zato: daga El Paso mil 550 ne, daga ita zuwa Houston kuwa wajen 200. A kuma lura da rana. Mai tafiya gabas da sassafe da mai tafiya yamma bayan la'asar, dukansu rana na cikin idonsu. Kafin ka yi wa wani alkawarin lokacin isowa, karanta amsar da ke ƙasa a kan canjin agogo.

Waɗanne garuruwa ake wucewa, kuma me lambobin mafita ke nufi?

Lambar kowace mafita tana bin adadin mil daga iyakar yamma. Ƙananan allunan kore da ke gefen kwalta suna fara ƙirga daga sifiri a Anthony, suna hauhawa har 880 a Orange. Idan kana mil 400 kuma mafitarka 456 ce, saura mil 56, ba sai ka duba waya ba. Haka nan idan mota ta lalace ka kira 911 ko mai janwe, abin da za su fara tambaya shi ne lambar mil ɗin da kake da kuma ɓangaren da ka nufa.

Daga yamma, tsakiyar El Paso na wajen mil 19. Sai Sierra Blanca, sai Van Horn wajen 140. A mil 187 hanyar I-20 take ballewa ta nufi Midland da Dallas. Wanda ya yi sakaci a nan zai yi nisa kafin ya farga. Fort Stockton na wajen 260, Ozona 365, Sonora 400, Junction 456, Kerrville 508, tsakiyar San Antonio wajen 570. Daga nan garuruwa sun fara matsowa kusa da juna: Seguin, Luling, Schulenburg, Columbus, Sealy, Katy, sai tsakiyar Houston wajen 770. Bayan Houston akwai Baytown, Winnie, Beaumont a wajen 850, sannan Orange.

Gaskiya ne ana hango Meksiko daga kan hanyar?

Gaskiya ne. A El Paso hanyar ta matse tsakanin duwatsun Franklin da kogin Rio Grande, har akwai inda unguwannin Ciudad Juárez ke gabanka ƙarara a kan tsauni, tsakaninku kogi ne da katangar iyaka. A ɗaya gefen kuma ginin jami'ar Texas ta El Paso (UTEP) ne, wanda aka yi shi da fasalin gine-ginen ƙasar Bhutan.

Abin kiyayewa ɗaya ne: akwai gajeriyar hanya mai suna I-110 da ta balle ta nufi gadar shiga Juárez kai tsaye. Mai bizar shiga sau ɗaya, ko wanda takardunsa ke hannun hukuma ana dubawa, ya buɗe ido ya karanta allo da kyau. Fita na da sauƙi, dawowar ce aiki.

An ce akwai shingen jami'an iyaka a tsakiyar hanya. Me ake buƙata?

Akwai, kusa da Sierra Blanca, wajen mil 100, kuma masu fitowa daga El Paso su nufi gabas ake tsayarwa. Ba ka ƙetare wata iyaka ba, kana cikin Amurka, amma dokar ƙasar ta ba jami'an tsaron iyaka damar kafa irin wannan shinge a yankin da ke kusa da iyaka. Yawanci tambaya ɗaya ce: kai ɗan ƙasa ne? Wani lokaci ma hannu kawai za a ɗaga maka ka wuce. Akwai kyamarori, akwai karnuka masu sansana motoci.

Wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe takardunsa na asali a jikinsa, ba a ƙasan akwati ba. Mai katin zama na dindindin ya riƙe katinsa, doka ma ta wajabta masa yawo da shi. Ɗalibi ya riƙe fasfo da takardar makarantarsa, baƙo ya riƙe fasfo da shaidar shigowarsa. Kada ka ce kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba; wannan ƙaryar guda tana iya rushe maganar zamanka har abada. Ka sassauta gudu, ka sauke gilashi, ka amsa abin da aka tambaye ka, shi ke nan.

Wani abu kuma ga masu ɗaukar fasinja ko saƙo: tabar wiwi halal ce a dokar New Mexico, haramun ce a Texas da kuma dokar tarayya. Karnukan Sierra Blanca sun sha tona asirin mutane a kan wannan. Kada ka karɓi ƙullin da ba ka san abin da ke ciki ba, ko na wane ne.

A ina agogo yake canzawa?

Kaɗan yamma da Van Horn. El Paso da gundumar Hudspeth suna bayan sauran Texas da awa ɗaya. Mai tafiya gabas zai yi asarar awa, mai tafiya yamma zai ci ribarta. Waya kan gyara kanta da zarar ta samu sabis, agogon mota kuwa sai ka gyara da hannu.

Yaya batun mai da ruwa a yammacin jihar?

A nan ne sabon zuwa ya fi yin kuskure, musamman wanda ya saba da Houston inda kowace kusurwa da gidan mai. Daga Van Horn zuwa Fort Stockton mil 120 ne, daga Fort Stockton zuwa Ozona fiye da 100. Akwai 'yan gidajen mai jefi-jefi a tsakani, amma ba duka ke kaiwa dare a buɗe ba, kuma sunan da ka gani a taswira wani lokaci ba gari ba ne, kufai ne. Ƙa'idata mai sauƙi ce: daga El Paso har Kerrville, tanki ya sauka rabi, in na ga gidan mai sai na shiga. Gudun mil 80 da iskar da ke dukan mota ta gaba suna shan mai fiye da yadda ka saba.

Ka tafi da ruwan sha mai yawa, ka duba iskar safaya da jak tun a gida, ka sauke taswira a waya don akwai wuraren da sabis ke yankewa. Da bazara zafi kan haura digiri 38, kuma tsohuwar taya ba ta jure kwalta mai zafi ga gudu. In mota ta tsaya, ka kauce can gefe, ka kunna fitilun gargaɗi, ka zauna kusa da ita. Takawa a ƙafa neman gari a wannan daji ganganci ne.

Daga Maris zuwa Mayu kuma akwai guguwar ƙura a yankin El Paso da Van Horn. Ba irin hazon hunturu na gida ba ne da ke sauka a hankali. Bango ne na ƙasa da kan rufe hanya cikin 'yan mintuna. Shawarar hukuma ita ce ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka tsaya, ka kashe fitilu, ka ɗauke ƙafa daga birki, don kada na baya ya bi jan fitilarka yana zaton tafiya kake.

Wane gudu doka ta yarda da shi?

Daga gabashin El Paso har yankin Kerrville, yawancin hanyar mil 80 ne a awa, kusan kilomita 130, tun 2006. Tsakanin San Antonio da Houston galibi 75 ne, cikin birane kuma ya sauka zuwa 60 ko 65. A da akwai gudun dare daban, an soke shi a 2011. Allon da ke gabanka shi ne doka, musamman inda ake aikin hanya, don tara na ninkuwa in ma'aikata na wurin.

Layin hagu na wuce mota ne, ba na zama ba. In ka ga motar 'yan sanda, ta asibiti ko janwe tsaye a gefe da fitila a kunne, ko dai ka koma layi na gaba, ko ka rage mil 20 daga gudun da aka ƙayyade. In kai aka tsayar, ka zauna a mota, hannuwanka a kan sitiyari. Kada ka fito tarbar jami'i, kada kuma ka yi gigin miƙa na goro.

Akwai abin da ya cancanci a ratse a gani?

Uku zan ambata. Balmorhea, tsakanin Van Horn da Fort Stockton, tafki ne na wanka da aka gina a shekarun 1930 a kan idon ruwa na San Solomon. Ruwa garai-garai, mai sanyi, da ƙananan kifaye, a tsakiyar ƙasar da ko inuwa babu. Sai kogon dutse na ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da Sonora. Sai gandun dajin Big Bend, amma shi ba ratse ba ne, tafiya ce mai zaman kanta: daga Fort Stockton za ka bi US 385 kudu fiye da mil 100. Sauran abin kallo daga tagar mota ne, musamman injinan wutar iska da suka yi sahu a kan duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai gabas da Fort Stockton, kafin a gangara kogin Pecos.

A ina dajin yake ƙarewa?

Ba a wuri ɗaya ba. Daga Sonora bishiyoyi ke fara yawa, a Junction kuma, inda rassan kogin Llano biyu suka haɗu, za ka san ka shiga wata ƙasa. Wannan ne yankin tuddai da ake kira Hill Country: hawa da gangara, an fasa farin dutse an ratsa da kwalta. Garuruwan Comfort da Boerne Jamusawa ne suka kafa su a ƙarni na 19, har yau sunayen tituna na nuna haka.

Matsalar nan barewa ce. Da magariba da asuba suna fitowa bakin hanya, sun fi yawa a watannin Oktoba zuwa Disamba, kuma in ka ga ɗaya to akwai wasu a bayanta. Ka taka birki kana riƙe da layinka. Karkatar da sitiyari a gudun mil 80 ya fi bugun barewar haɗari. Kogunan yankin ma ba abin wasa ba ne. A ranar 4 ga Yuli, 2025, kogin Guadalupe ya cika cikin dare a yankin Kerrville, mutane fiye da 100 suka rasu a gundumar.

Me ya sa San Antonio ke rikita baƙi?

Saboda allo na cewa gabas ko yamma, alhali a arewacin birnin hanyar kudu da arewa take tafiya. Ga shi kusa da tsakiyar gari ta zama bene, wani layi a sama wani a ƙasa, sannan ta haɗu da I-35 suka yi tafiya tare na ɗan lokaci kafin ta karya gabas. Dabarar ita ce ka manta da kusurwa ka bi sunan gari: Houston ko El Paso. Wanda ba shi da harka a cikin gari yana iya zagayewa ta I-410 ko Loop 1604, ko da yake su ma suna cika da safe da yamma. Mai lokaci kuwa, Alamo, tsohuwar majami'ar da aka gwabza yaƙin 1836 a cikinta tsakanin 'yan Texas da sojojin Meksiko, tana tsakiyar birnin, 'yan mintuna daga hanya.

Da gaske akwai inda take da layi 26?

Ana nufin Katy Freeway, wato I-10 daga garin Katy zuwa tsakiyar Houston. An gama faɗaɗa ta a 2008 da kuɗi kimanin dala biliyan 2.8. Adadin 26 yana fitowa ne a kusa da Beltway 8, hanyar da ta kewaye Houston, kuma sai an haɗa komai: manyan layuka, layukan kuɗi na tsakiya, da hanyoyin gefe. Don haka kada ka zata za ka ga layi 26 jere ba shamaki.

Ko faɗaɗawar ta magance cunkoso? Ta yi na 'yan shekaru. Daga baya unguwanni suka bazu yamma, motoci suka ƙaru, gosulo ya dawo, har masana tsara birane suka mai da hanyar abin misali in suna bayanin cewa ƙarin layi na jawo ƙarin mota. In da hali, kada ka shiga Houston tsakanin 6 da 9 na safe ko 4 da 7 na yamma. Ka kuma san mafitarka tun da nisa, don tsallaka layi biyar cikin rabin mil ba aikin baƙo ba ne.

Ana biyan kuɗin hanya? Kuma mene ne amfanin titin da ke bin gefenta?

Ita I-10 kanta kyauta ce daga Anthony har Orange. Inda ake biya su ne layukan tsakiya na Katy Freeway da wasu hanyoyin da ta ratsa, kamar Sam Houston Tollway, Grand Parkway, da SH 130 kusa da Seguin, wadda wani sashenta ke da gudun mil 85, mafi yawa a Amurka. Galibinsu ba mai karɓar kuɗi a hannu. Na'ura ce ke karanta ɗan tambarin da ake liƙawa a gilashi, irin su EZ TAG. Mai motar haya ya tambayi yadda kamfanin ke lissafa wannan tun kafin ya karɓi makulli.

Hanyoyin gefe kuwa abin Texas ne, ba kowace jiha ke da su da yawa haka ba. Mutanen Houston na ce musu fida. Shaguna da gidajen mai duk a kansu suke, a birni hannu ɗaya ake bi, kuma a ƙarƙashin yawancin gadoji akwai layin juyawa na hagu da ba ya jiran danja. In ka wuce mafitarka, sauka a ta gaba ka juya ta nan. A ƙauye kuwa wasunsu hannu biyu ne, a kula.

Me ya kamata a sani game da gabashin Houston?

Ruwa. Daga Baytown zuwa Orange ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, fadama da gonakin shinkafa da matatun mai, kuma hanyar na ƙetare koguna huɗu: San Jacinto, Trinity, Neches da Sabine. A Beaumont ne rijiyar Spindletop ta fashe da mai a Janairun 1901, wadda ta buɗe wa Texas babin arzikin fetur. Tireloli da tankokin sinadarai sun fi yawa a nan, aikin faɗaɗa hanya kuma kamar ba ya ƙarewa.

Lokacin guguwar teku daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta mai da I-10 kusa da Winnie tamkar tafki, har igiyar ruwa na kaɗawa a kan kwalta. A Satumban 2019, lokacin guguwar Imelda, jiragen dakon kaya suka tsinke suka daki gadar San Jacinto, aka rufe hanyar. A 2005 kuwa, da aka kwashe mutane saboda guguwar Rita, sai da aka mai da layukan ɓangare biyu duk suka nufi yamma, duk da haka mutane suka kwana a mota.

A Houston hanyoyin gefe da ƙarƙashin gadoji su ke fara cika, tun babbar hanya na bushe. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa ɗaya ya isa ya tafi da ƙaramar mota. In ba ka ganin farin layin kwalta a ƙarƙashin ruwan, juya.

Yaya matafiyi Musulmi zai yi da salla da abinci?

Masallatai da abincin halal suna El Paso da San Antonio, sai Houston da ba a ma magana, ga kuma shagunan 'yan Najeriya da yawa a kudu maso yammacin birnin. Tsakanin El Paso da San Antonio kuwa ka dogara da guzurinka. Naman alade na ɓuya a wurare da yawa, har da dafaffen wake na gidajen abincin Meksiko da ake yi da kitsensa, don haka tambaya ta fi. Wuraren hutawa na gwamnati da ke bakin hanya suna da banɗaki, ruwa da rumfuna, sun isa alwala da shimfiɗa darduma.

Alƙibla a Texas arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda aka saba a gida. Lokutan salla ma na motsawa da kai: jadawalin Houston ba zai yi maka aiki a Van Horn ba, inda rana ke faɗuwa fiye da rabin awa bayan ta faɗi a Houston duk da agogonsu ɗaya.

Direban tirela fa, me ya bambanta?

Dokar tarayya ta ba shi awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10, da hutun minti 30 in ya yi awa 8 yana tuƙi. Na'urar da ke cikin mota tana rubuta komai. Ma'ana, Texas ba ta ƙetaruwa a zango ɗaya ga direba guda, dole ya kwana a hanya. Nauyin mota da kaya kada ya haura fam 80,000, kimanin tan 36, sai da izini na musamman.

Abin da ke ba sababbi wahala shi ne wurin kwana. Filin ajiye tireloli a Van Horn, Fort Stockton da Ozona kan cika tun da magariba, kuma mashahuran shagunan Buc-ee's, har da ƙaton nan na Luling, ba sa karɓar tirela ko kaɗan. Tsofaffin hannu kan tashi tun kafin asuba su ajiye mota da la'asar. Mai jan tirela fanko kuma ya kula da iskar gefe tsakanin Sierra Blanca da Fort Stockton, don ta fi kayar da mota marar kaya. Sauran bayanin iska da ƙura yana cikin amsar da ke sama a kan yammacin jihar.